Yinin Da Na Yi A Gonar Inabi

Cikin watan Fabrairu na 2019 harkar kasuwa ta kai ni Afirka ta Kudu, na ga bai kamata in komo gida ban leƙa ɗan ƙanena ba, wanda ke aikin likita a birnin Keftawun. Yaron nan ya auri wata 'yar ƙasar wadda ta musulunta, amma iyayenta suna nan kan addininsu na Kirista, ga su kuwa mutanen kirki.

Ran Lahadi da hantsi muka tafi gaishe su. Dattijon ya tarbe ni hannu biyu-biyu, matarsa kuma ta sayo nama daga mahautan Musulmi musamman domina. Da muka ƙare cin abinci sai ya ce ya shirya mini wata karramawa, zai kai ni Konstanshiya in ɗanɗani giyar inabinsu, har ya riga ya biya kuɗi. Nan fa na yi kuskuren farko, na yi shiru don kunya, alhali da na faɗi gaskiya tun a zaune da abin ya zo da sauƙi.

Wurin kam yana da kyau, kowa ya gani ya yi tasbihi. Gonar da ake kira Groot Constantia ita ce mafi daɗewa a ƙasar, wani gwamnan Turawan Holan mai suna Simon van der Stel ya kafa ta cikin 1685, bayi kuwa su suka nome ta shekara da shekaru. Lokacin girbi muka je, inabi ya nuna, duwatsu sun kewaye kwarin. Yadda suke ɗanɗanon nan shi ne a jera wa mutum kofunan gilashi, a zuba kaɗan-kaɗan, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, in ya so ya tofar cikin wani kwano. Dattijo ya ce ai ga mafita, in kurɓa in tofar, ba sha ke nan ba.

Ɗana ya matso ya raɗa mini, "Baffa, ni in mun zo ruwan inabi zalla nake karɓa in zauna da su, don kada ransu ya ɓaci." Na ce masa, ɗana, maganar kurɓa ba ta taso ba, domin aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida nisantar giya ta umarta, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito kuma ya nuna abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Zaman teburin shi ne ya fi tsaya mini a rai, gama Tirmizi ya ruwaito hani ga mumini ya zauna inda ake zagayawa da giya. To, amma ga zumunci, ga tsoho ya kashe kuɗinsa da kyakkyawar niyya, ga 'yarsa tsaye tana duban fuskata, ita da ba ta fi shekara uku cikin Musulunci ba. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a gidan surukai ya san nauyin irin wannan tsayuwa.

Na kama hannun dattijon muka koma gefe. Na gode masa, na ce laifina ne da ban sanar da shi tun a gida ba, addinina bai yarje mini in ɗanɗana ko in zauna ba, amma zan jira su a inuwa komai daɗewarsu. Fuskarsa ta sauya, ya shiga ciki bai ce uffan ba. Ɗana ya yi jim, kana ya biyo ni waje, matarsa na biye.

Ba a yi minti ashirin ba sai ga tsohon ya fito, ya ce mu shiga mota. Ashe kusa da nan, a bakin gonar Klein Constantia, akwai kabarin Shaihu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin manyan Sumatara da Turawan Holan suka kora zuwa gaɓar nan wajen 1668, fiye da shekara ɗari kafin a kafa masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap cikin 1794. Ƙubba ce 'yar ƙarama a gindin itatuwa, ga kurangar inabi dab da ita. Muka yi sallama, muka yi wa mamacin addu'a, tsoho na tsaye daga ƙofa, hularsa a hannu.

A hanyar komowa ya ba ni labarin kakansa, wanda ya yi ƙwadago a gonakin inabi zamanin da ake biyan lebura wani sashe na ladansa da giya. Dop suke kiran wannan al'ada, doka ta hana ta tun farkon shekarun 1960, amma ta jima ana yi a ɓoye. Ya ce giyar nan ce ta ƙarasa kakan nasa. Daga nan ya tambayi 'yarsa ƙarfe nawa ake sallar la'asar, don kada ya makarar da mu.