Neman Jaki A Ƙasar Daura

A watan Afrilu na 2024 na yi kwana huɗu a ƙasar Sandamu, cikin masarautar Daura. Ba yawon shan iska ya kai ni ba, aike ne. Akwai wata 'yar'uwa cikin Ubangiji a wani ƙauye can, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da gona, da jaki guda. Bayan kaka ɓarayi suka kwance jakin da dare. Da gari ya waye aka bi sawu, sai aka iske gawarsa a bayan gari, an feɗe fatar an tafi da ita, an bar wa angulaye nama. Sa'ad da zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta ji labari, suka tara kuɗi, suka ƙulle a ƙyalle, suka ce tun da yake ni ɗan manomi ne, in je in saya mata wani. Na karɓa da sauri, ina tsammani aikin yini ɗaya ne.

Wanda ya tashi daga Kano zai bi ta Dambatta da Kazaure, kafin ya shiga Daura sai ya iske Sandamu a bakin hanya. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, sauran su ne Daura, da Mai'adua, da Zango, da Baure. Ƙasar jigawa ce, rairayi fari, ga gawo da kuka jefi jefi cikin gonaki. Gero da dawa da wake da gyaɗa ake nomawa. Irin wannan ƙasa ba ta ba da amfani sai an ci da ita da taki, takin kuwa ba ya kai kansa gona. Watan Afrilu shi ne lokacin kai shi, kafin ruwan fari ya sauka. Duk inda ka duba da sassafe za ka ga yaro yana kora jaki da mangala cike, ya je ya zube tsibi tsibi, ya komo ya sake ɗauka. Na tarar da 'yar'uwan nan da 'ya'yanta suna kai nasu a kwando bisa kai, gonar kuwa da 'yar tazara. Ta ce mini, "Malam, ruwa ma da muke ɗebowa a rijiya, shi ne yake ɗauka. Ban san yawan aikinsa ba sai da babu shi."

Mai masaukina, dattijon ikilisiya ne, ya ce shi bai san jaki ba, amma maƙwabcinsa ya sani. Maƙwabcin wani tsoho ne Musulmi, wanda ya yi shekaru yana ƙwarami, yana sayen hatsi a ƙauyuka yana kaiwa kasuwa a bayan jakuna. Da muka gaya masa abin da ke tafe da ni, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in jaki kake so ka zaɓa, sai Mai'adua, ran Lahadi." Nan fa gabana ya faɗi, gama ban taɓa cin kasuwa ran Lahadi ba, mahaifina ma bai yarda a sayi ko gishiri ba. Na kai maganar wurin mai masaukina. Ya tuna mini da abin da ke cikin Luka sura 13, inda Yesu ya nuna wa shugaban majami'a cewa su kansu sukan kwance sa ko jaki ran Asabar su kai shi shan ruwa. Ya ce mu yi sujada da wuri, sa'an nan in tafi, aikin gwauruwa ne ba neman riba ba. Haka muka yi. Ban ce kowa ya ɗauki wannan ya zama dalilin gudun sujada ba, na dai faɗi yadda muka yi ne.

Mu uku muka shiga mota, ni da Baba da babban ɗan matar, yaro mai shekara 13. Muka ratsa Daura muka yi arewa. Mai'adua tana dab da iyakar Nijar, ta nan ake bi Kongolam a ƙetare zuwa Matamaye da Damagaram. Rabin ran kasuwar daga ƙetare yake zuwa, saboda haka ta sha wuya sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, 'yan makonni kafin zuwanmu.

Ƙura muka fara hangowa, sa'an nan kuka. Shanu masu dogayen ƙahoni, da raƙuman Buzaye a durƙushe, da tumaki, da jajayen awaki, da manyan motoci jere suna jiran lodi zuwa kudu. Ba mu tsaya ba, Baba ya ja mu har gefen da ake ɗaure jakuna. Can ya zama malami, ni na zama almajiri. Ya nuna mini auraki mai jan gashi, da duni baƙi, da fari, da idabari mai launin toka, wanda ya fi yawa. Ya ce launi dai ado ne, abin dubawa huɗu ne: haƙori, da baya, da kofato, da tafiya. Ya kama leɓen wani ya ɗaga, ya ce wannan ya tsufa, haƙoran sun yi tsawo sun karkata gaba. Ya shafa bayan wani ya nuna mini farin gashi inda akumari ya taɓa yin miki. Wani kuma ya sa yaron ya ja shi taki goma, ya ce, "Ka ga yana ɗingishi kaɗan? An hutar da shi ne kwana biyu don kasuwa."

Muna cikin haka sai na hangi wata dabba a gindin itace, ta fi jakunan tsayi, kunnenta na jaki, jikinta na doki. Alfadara ce. Ban taɓa ganin alfadari da idona ba sai ran nan, ko da yake tun ina yaro nake jin karin maganar nan, wai an tambayi alfadari wane ne ubansa, ya ce doki ne kawunsa. Gaskiya ya faɗa, ya dai ɓoye rabi, gama jaki ne ubansa, goɗiya ce uwarsa. Mai ita wani mutumin ƙetare ne, ya ce ba ta sayarwa ba ce, kaya ta kawo. Baba ya ce a zamanin kakanninsa fatake sukan tafi Gwanja sayen goro da jakuna da alfadarai, amma shi kansa ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. Mai goɗiya ba ya so jaki ya hau ta, ga shi kuma alfadari ba ya haihuwa, sai dai a sake haɗa jaki da goɗiya kowane karo. Masana sun ce ƙullin gado da ke cikin ƙwayar jikin doki 64 ne, na jaki 62, alfadari ya fito da 63, ba su rabuwa biyu daidai, shi ya sa iri yake tsayawa a kansa.

A waɗansu ƙasashe kuwa ba raina shi ake yi ba. A Habasha alfadari abin hawa ne a kan duwatsu. A Amurka makiyaya masu manyan gandaye suna aiki da shi, domin ya fi doki jure zafi da rashin abinci mai kyau, ba ya kuma saurin tuntuɓe a kan dutse. Akwai wani gari, Kolombiya a jihar Tenesi, inda kowace shekara wajen watan Afrilu ake bikin ranar alfadari, ana jerin gwano da gasar jan kaya. Bikin ya samo asali ne daga ranar cinikin dabbobi tun shekarun 1840. Masu karatun Littafi Mai Tsarki kuma za su tuna, a kan alfadarar Sarki Dawuda aka ɗora Sulemanu ran da aka naɗa shi. Na tsaya ina kallon wannan dabba har Baba ya taɓa ni ya ce rana tana yi.

Jakin fari da muka zaɓa idabari ne matashi, ba shi da aibi. Dillali ya ce mu taya. Baba ya taya, mai shi ya ce albarka. Muka ƙara, ya ce albarka. Sai wani mutum ya zo daga wajen manyan motoci, ya tsaya bai fi ƙiftawar ido ba, ya faɗi kuɗin da ya wuce duk abin da ke cikin ƙyallena. Aka sallama masa. Haka ya faru da na biyu. Abin da na lura, mutumin nan ba ya ɗaga leɓe, ba ya duba kofato, ba ya sa a ja jaki ya ga tafiyarsa. Tsoho da gurgu da lafiyayye duk ɗaya ne a wurinsa, girman jiki kaɗai yake kallo. Baba ya ce mini a hankali, "Wannan ba jaki yake saye ba, riga yake saye."

Ga yadda abin yake. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki har ta narke ta daskare kamar ƙaro, a yi maganin gargajiya mai tsada da ita. Jakunan Sin sun kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka ragu ƙwarai, sai masu sana'ar suka juyo Afirka. Daga kasuwannin arewa ake loda jakuna zuwa kudu maso gabas, a yanka, a sayar da nama a can, fatar kuma ta bi teku. Jaka kuwa tana yin wajen wata 12 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ba yadda haihuwa za ta cim ma wuƙa. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna tun 2016. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince a hana yanka jaki domin fata a nahiyar duka. Wata biyu bayan wannan ne nake tsaye a Mai'adua ina kallon ana kora su cikin mota. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, manoma da yawa da suka saba da babur da a-kori-kura suka komo neman jaki. Masu bukata sun ƙaru, jakin ya ragu, talaka kuma ba zai iya ja da mai mota ba.

La'asar ta yi, na fara tunanin yadda zan koma in mai da wa mata ƙyallensu. Sai Baba ya tsaya wurin wani dattijo mai jakuna biyu, namiji da tamata. Tamatar duni ce, ba yarinya ba ce, amma bayanta lafiya lau. Baba ya daɗe yana shafa cikinta, bai ce kome ba. Ya taya, aka ce albarka. Mai motar nan ya iso, ya taya duka biyun a haɗe. Dattijon ya sallama masa namijin nan take, gama hatsinsa ya ƙare, yana kuma da mara lafiya a gida. Game da tamatar kuwa ya yi shiru, ya dubi yaron da ke riƙe da igiyarmu, ya ce, "Yaro, wa zai ba ta ruwa?" Yaron ya ce, "Ni ne, Baba." Dattijon ya juya wajen mai motar ya ce, "Ciki gare ta. Ba na sayar da rai biyu a kuɗin fata ɗaya."

Kada mai karatu ya zaci kyauta aka ba mu. Kuɗin da ya yanka ya fi na ƙyallen. Na juye aljihuna, har kuɗin motar komawa Kano, duk da haka da saura. Baba ya ja dillali gefe, ban ji abin da suka faɗa ba, na dai ga dillalin ya girgiza kai sau biyu, a na uku ya yafe rabin la'adarsa. Aka kira shaidu, aka rubuta takarda mai launin jakar da sunan mai sayarwa, domin yanzu wanda aka gan shi da jaki ba takarda yana iya kwana a hannun hukuma. Aka tafa, aka ce Allah ya sa albarka.

Baba ya hana a sa ta a mota saboda cikin, ya kuma hana yaron hawa. Da ƙafa muka taso. Na yi ƙoƙari har Daura, can ƙafafuna suka kumbura, muka kwana a gidan wani ɗan'uwan Baba. Da asuba su biyu suka ci gaba da jakar, ni kuwa na bi su a mota da kuɗin da aka ranta mini, tsoho mai furfura ya bar ni a baya. Na riga su isa, na iske matar ta tone tsohon turken da ke ƙofar gida, ta kafa sabo a tsakar gida, dab da ƙofar ɗakinta. Ran Talata da sassafe, kafin in kama hanyar Kano, yaron ya ɗora mangala, Baba yana tsaye yana faɗa kada a cika ta, rabi ya isa sai ta haihu.