Ƙugin Da Ya Kusa Kunyata Ni

Tun ina makarantar mishan na koyi kaɗa jita, har na ɗauka ba sauran abin da zan koya. Ashe da saura.

A shekarar 2021 ne, bayan da aka fasa turakun wutar da ke zuwa Maiduguri daga Damaturu, gari ya yi watanni cikin duhu, kowa ya koma ga janareta. Lokacin nan ina taimakon koyarwa a wata firamare, ban shigo wannan kwaleji ba tukuna. Hedimasta ya ce in shirya yara su yi waƙa ran rufe makaranta. Na aro amfilifaya wurin wani abokina, ya ce, "Kadan ta lalace, kai za ka biya." Albashina na wata uku kuwa ba ya sayenta.

Saura kwana biyu muka jona ta. Sai ƙugi ya cika ɗaki kamar an taɓa amya. Yara suka fashe da dariya, waɗansu har suna bin muryar. Ba su yi kuskure ba fa, gama wutarmu tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, sautin nan kuwa kusa ya ke da G mai kauri.

Na sake wayar jita, ba canji. Na kashe doguwar fitilar ɗakin, ya ragu kaɗan. Na zare jitar ɗungum, yana nan. Da na mayar, na ɗora yatsa bisa tsirkiya, sai na ji wani tsam har gwiwar hannu. Nan gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, na ƙone kayan mutane.

Na ruga na kira wani tsoho mai gyaran rediyo a unguwarmu. Bai ko dubi amfilifayar ba. Ya bi waya har bakin janareta, sa'an nan ya ce, "Ɗana, filoginka ƙafa uku gare shi, wayar da ka jawo kuwa biyu ce a cikinta. Ina ta ukun za ta bi?"

Na ce, "Baba, ai na ga tana kawo wuta."

Ya ce, "Tana kawowa. Amma wadda ta ɓata hanya, ta jikinka ta ke neman ƙasa."

Ya sa na sayo waya mai uku. Ya kafa doguwar sandar ƙarfe a bayan aji, ya ɗaura ta da jikin janareta. Ƙugin ya ragu, bai mutu ba. Tsoho ya shuri rairayi ya ce ƙasar nan ta bushe ƙarau, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta sosai. Aka zuba gawayi da gishiri a gindin sandar, yara suka juye bokiti huɗu na ruwa, ga shi ruwan ma saye mu ke yi wurin 'yan garuwa.

Na kunna, shiru. Har na tsorata ko ta mutu ne, sai da na taɓa tsirkiya ta amsa garau.

Ran bikin, tun da sassafe na sa wani yaro aikin bokiti. Uwarsa ta tambaye ni ko wane irin itace muka dasa.