Abin da Ya Ci Doma Ba Ya Barin Awe



A taronmu na ƙarshen wata an yi musun da ya kai mu har kiran magariba ba a tashi ba. Wani matashi ne ya kawo shawarar a cire wani abu daga asusun ƙungiya a sake sayo dashen itatuwa. Kafin ya zauna, ɗaya daga cikin dattawanmu ya ce, "Kai yaro, ruwa na Allah ne. Ka taɓa ganin bishiyar da ta haɗa hadari?" Sai wani ɗan uwa mai sana'ar gawayi ya miƙe ya ce, "Ku daina kwana-kwana, da mu kuke." Mun rubuta komai a littafin taro, amma mun ga ya dace waɗanda ba su samu zuwa ba su ji yadda aka kwashe.

Duk cikinmu babu wanda ya musa cewa yanayi ya canza. Da, in ruwa ya sauka a watan Afrilu, manomin Shabu yakan bi shi da shuka hankali kwance. Yanzu sai a yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, a zuba masara, sannan sama ta yi tsit har irin ya ƙone a ƙasa. A watan Agustan 2024, lokacin da ya kamata a ce marka ake yi, masara ta naɗe ganye, shinkafar tudu ta fara bushewa. Muka fita sallar roƙon ruwa, maƙwabtanmu Kirista ma suka duƙufa da addu'a a coci. A 2022 kuwa akasin haka muka gani. Kogin Binuwai ya cika ya batse kamar yadda ya yi a 2012, ya cinye gonaki da gidaje a yankunan Doma da Awe da Loko, kuma a faɗin ƙasa mutum sama da 600 suka rasu. Mu ba a bakin Binuwai muke ba, amma farashin mudun shinkafa ya kawo mana labarin har gida. Abin da ya ci Doma, in ji magabata, ba ya barin Awe.

Inda muka saɓa shi ne dalili, da kuma abin yi. Baba yana da gaskiya, Allah ne mai saukar da ruwa, kuma ba za mu daina roƙonsa ba. Masana ma ba su ce itatuwan Shabu ne ke juya damina ba. Bayaninsu shi ne hayaƙin kwal da fetur da gas da aka shafe fiye da shekara 150 ana ƙonawa, galibi a Turai da Amurka, daga baya Sin, shi ya taru a sama yana riƙe zafi. Kason Afirka gaba ɗaya bai wuce 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Ko da yau kowane mai gawayi a Jihar Nasarawa ya ajiye gatari, damina ba za ta koma yadda take ba. Dole a faɗi wannan, don kada a ɗora wa talaka laifin da ba shi kaɗai ya yi ba.

Amma matashin nan shi ma bai yi ƙarya ba. Bishiya ba ta haɗa hadari, sai dai tana riƙe ƙasa, tana rage gudun ruwa, tana ba da inuwa a zafin Maris. Kaɗanya na ba matanmu man kaɗe, ɗorawa na ba su daddawa. Kirya, wadda gawayinta ya fi daraja, sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta girma, amma a wuni ɗaya ake kayar da ita. Inda aka share daji, da an yi ruwa mai ƙarfi sai zaizaya ta kwashe taki ta bar rami. Wannan ɓarnar a hannunmu take.

Su wa ke sayen buhunan da ake jerawa a bakin hanyar Akwanga? Mu ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da dama da suka saba da gas sun koma murhun gawayi, har da na wasunmu masu riƙe da muƙami a ƙungiyar nan. Gwamnatin jiha ta haramta sana'ar, amma doka ba ta dafa tuwo, kuma mai sana'ar yana da 'ya'yan da zai biya wa kuɗin makaranta.

Mu ma muna da namu laifin. Daminar da ta gabaci bara mun yi gangamin dashe, muka ɗauki hotuna muka saka a wannan shafi, aka yi ta yi mana jinjina. Da rani ya shigo babu wanda ya kai musu ko bokiti ɗaya, awaki suka ƙarasa sauran. Da muka zaga bana, waɗanda suka rayu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mun dasa don a gani, ba mu ba kowace bishiya mai ita ba.

Ga abin da taro ya tsayar. Dashen bana za a raba shi gida-gida, a rubuta sunan wanda ya karɓa, shi zai kewaye shi da ƙaya ya shayar da shi har damina ta zagayo. Mangwaro da kashu da zogale za a sayo, don abin da ake ci ba a wofintar da shi. 'Yan uwanmu masu gawayi sun yi alkawarin barin kaɗanya da ɗorawa, kuma in kututture ya tofo ba za su cinna masa wuta ba. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk farkon shekara, wanda akwai shi da Hausa, za mu riƙa karanta shi a taro kafin a fara shuka. Sannan za mu tura wakilai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Shabu, su nemo mana shawara kan iri mai saurin nuna. Kullum muna wuce ƙofarta, amma ba mu taɓa shiga da tambaya ba.

Da aka zo rubuta sunaye, Baba ne ya fara ɗaga hannu. Ya ce a sa masa mangwaro biyu. "Ba don hadari ba," in ji shi, "don jikoki."

Wanda ke son dashe ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya. Amin.

Sakataren Ƙungiya