Ƙwaƙwalwar da ba ta gama mutuwa ba

A cikinmu da fatauci ya kawo iyayenmu ƙasar Kontagora, da zarar ɓarin jikin mutum ya shanye sai ka ji an ce iska ce ta taɓa shi. Haka aka ce da baffana, mai sayar da hatsi a Kasuwan Garba. Kwana uku ana hayaƙi kafin a sa shi a mota. Da aka ɗauki hoton kansa, likita ya nuna wa babana wani tabo mai duhu, ya ce, "Alhaji, jijiya ce ta toshe, nan wurin ya riga ya mutu."

Kalmar "riga" ita ta tsaya mini a rai. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jini ke rabawa. Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin ne ke mutuwa cikin mintoci. Gefensa kuwa suma yake yi. A 1981 wani likitan Faransa, Jean-Claude Baron, ya nuna irin wannan hali da na'urar PET: jinin da ke zuwa ya ragu, amma naman yana tatse kusan duk oksijin da ke cikinsa don ya rayu, kamar magidancin da ke kankare gindin rumbu a watan Agusta. Wannan gefen likitoci ke tseren ceto.

Irin wannan hoton sai a ƙasashen da suka ci gaba, don sinadarin da ake sa wa mara lafiya rabinsa na ƙarewa cikin minti biyu. Mu dai CT ne namu, a manyan asibitoci irin na Shika a Zariya ko na koyarwa a Sakkwato. Shi ma ba ƙaramin aiki yake yi ba, mai karatu, shi ke bambance toshewa da fashewar jijiya. Maganin narkar da gudan jini yana iya kashe wanda tasa fashewa ta yi, kuma ƙa'idarsa a ba da shi cikin awa huɗu da rabi.

To ka lissafa: neman mota, haɗa kuɗi, jiran izinin manya, ga halin da hanyarmu ke ciki. Baffa yana nan da ransa, yana jan ƙafa. Babana kuwa ya sayi abin awon hawan jini ya ajiye a shago, kusa da mudu.