Shirin Mota a Damargu

A Damargu, filin gwada mota shi ne yashin da ke tsakanin Tanut da Belbeji. Tun 1979 motocin tseren Paris-Dakar suka fara ratsa Agadas, can arewa da mu, amma aikin makanikan Tanut ya fi tsaya mini a rai.

Kafin Hilux ta sauka daga kwalta, sai an busa matatar iska, don ƙura na shaƙe inji. A duba radiyeta, a ƙara ƙarfen sifirin saboda nauyin buhunan gero. In an shiga yashi, a rage wa tayoyi iska su baje, kada su nutse. Ina girmama wannan haƙuri nasu, domin sau da yawa maras lafiya ne kwance a baya, ana neman asibitin Damagaram.