Ɗan Aike Mai Furfura



Kaka a nan Kurmi ba irin ta gida ba ce. Ba mu da dami a bakin rumbu, ba ma jin ƙarar sussuka, ruwa ma yakan yi ta sauka har ƙarshen Oktoba. Mu da motoci muke gane ta: a ga an fara sauke sabon gero da masara da wake a Bodija, sabon goro ya fara fitowa daga ƙauyuka, daushe ya ja baya. Duk ɗan kasuwar Ibadan ya san waɗannan makonni ba na barin rumfa ba ne. To, a tsakiyarsu ne 'ya'yanmu uku, biyu da aurensu, suka haɗu suka cinye mana mako guda cur.

Ran Litinin babban ne ya buɗe fage. Yana haya a Apata, mai gidan ya ce ko ya biya ƙari ko ya tashi. Yaron ya fi mu Turanci, ya fi mu Yarbanci, amma ya je sau biyu ba a saurare shi ba. Muka ɗauki farin goro muka tafi. Muka gaisa da dattijon yadda Yarbawa ke so a gaishe su, muka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai da hira ta nuna kafin aka taɓo maganar kuɗi. Ya rage rabin ƙarin, ya ce saboda furfurarmu.

Talata ta 'yarmu ce. Mijinta ya bi lodin goro zuwa Kano, jaririyarta ta cika wata 9, lokacin allurar ƙyanda. Muka matsu cikin Micra har asibitin unguwarsu a Moniya, muka riƙe babban jikan a benci har aka kira su. Amaryar tamu ta sha kuka, ta ƙi kallonmu, wai da mu aka haɗa baki.

Laraba kuwa ta tafi a kan haruffa biyu. Sunan mahaifi a katin NIN na auta Muhammad ne, a BVN kuma Mohammed, banki ya ce mutum biyu ne. Daga kotu wajen takardar rantsuwa, zuwa wurin hoto, zuwa layin banki, azahar da la'asar duk a hanya muka yi su. Na'ibi ne ya ja jama'a a masallacin layinmu. Iyaye, a duba takardun yara tun yau, a tabbata rubutun suna iri ɗaya ne a ko'ina.

Ran Alhamis muka shiga Bodija da uwargida, muka auno wake da masara na gida uku tun farashi bai tashi ba. Ita ta nuna wa surukarta yadda ake shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba a jarka a toshe bakinta don kada ƙwari su samu iska. Juma'a bayan an sauko muka tsaya a kan mai gyaran kwano a gidan 'yarmu. Asabar da asuba muka raka auta tasha, za shi sansanin masu yi wa ƙasa hidima na mako 3. A bakin mota ya ce, "Baba, ku yi mini addu'a." Muka yi, muka ƙara masa da cewa sallar asuba ba ta san sansani ba.

Duk wannan yawo, rumfa tana hannun yaron shago. Baƙi biyu da suka zo sayen huhu suka jira suka gaji, suka wuce rumfar maƙwabci. Da muka zauna a majalisa ran Lahadi, wani aminin ƙuruciya ya ce, "Haba Liman, ka zama ɗan aiken 'ya'yanka? A zamaninmu wa ya isa ya aiki ubansa?" Aka yi dariya, muka taya su. Amma amsar tana da tsawo, shi ya sa muka kawo ta nan.

Tun da aka kafa Sabo a 1916, da me kakanninmu suka riƙe ta? Da hidimar mutane. Baƙo ya sauko daga Arewa da shanu ko ya zo neman goro, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya raka shi gaban hukuma idan magana ta taso. Babu wanda ya kira wannan aikatau. Da shi aka yi suna, da shi aka gina gidajen da muke ciki. To idan an yi wa baƙon da ba a san asalinsa ba, ɗan cikinka fa?

Kuma ku duba inda yaranmu suke. Ɗakunan Sabo sun yi mana kaɗan, sun watsu Apata da Moniya da Ojoo, wasu Legas. Jikokinmu Yarbanci suke yi a waje, Turanci a makaranta, Hausa sai an tsawata. A bencin asibitin nan muka gano jikanmu mai shekara 6 bai san sunan garin kakanninsa ba, a nan muka faɗa masa, muka biya masa Fatiha sau uku. Da mun ce rumfa ta fi, yaushe za mu ji wannan? Zumunta a ƙafa take. Ɗan da ya saba kiranka a kan kwano mai yoyo, shi ne zai kira ka ran da aurensa ya fara yoyo. Wanda ka koya wa cewa ba ka da lokacinsa, wani zai nema, kuma ba kai za ka zaɓa masa ba.

Sai dai abin yana da iyaka. Mun raka, ba mu ɗauke ba. Babban shi ya biya hayarsa, kuɗin wake kowa ya turo nasa, auta shi ya tsaya a layi ya yi bayani da bakinsa, mu muna gefe. A gidan 'yarmu kuwa sai da mijinta ya bugo waya ya ce, "Baba, a taimaka a duba mana," sannan muka sa ƙafa. Gidan suruki ba rumfarka ba ce.

Ku kuma samari, idan tsoho ya bar cinikinsa a tsakiyar kaka ya bi ku, ku buɗe ido ku ga yadda yake gaisuwa, yadda yake jira, inda yake yin shiru. Ba kullum za ku same shi ba. Gwiwar da ke hawa Micra yau, gobe sai an riƙe ta zuwa masallaci.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da Sabo da maƙwabtanta lafiya. Amin.