Farantin Inna

Bara ƙungiyarmu ta raya al'adu ta shirya baje kolin kayan ɗakin amarya na gargajiya a Dakoro. Na kai farantin tangaran na mahaifiyata, mai zanen shuɗi da ja da ɗan ruwan zinariya a baki. Aka karɓi ƙorai da akussa da faya-fayai, ni kuwa aka mayar mini da nawa, wai kayan ƙasar Sin ne, ba namu ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san abin da farantin nan ya gani. A yunwar 1984 Inna ta kwashe jerenta kakaf, langa da samira da fanteka, ta kai kasuwa ta auno hatsi. Shi kaɗai ta hana a taɓa, don uwarta ce ta sayo mata shi daga Kano lokacin aurenta. Ba a taɓa cin tuwo a cikinsa ba.

Su ma da suka ce na Sin ne, rabin zancen suka faɗa. Farantin ba tsoho ba ne can, amma zanensa ya daɗe yana yawo. A ƙarni na 17 fataken Holan kan aika wa maginan Sin samfurin kwanuka na itace, a yi musu irin wanda Turawa ke so. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da aikin garin Jingdezhen, sai fataken suka koma Arita ta Japan. Can aka haɗa shuɗi da ja da zinariya, aka kira salon Imari, sunan tashar da ake lodinsa. Da kasuwa ta sake buɗe wa Sinawa, suka kwaikwayi Japanawa, suka karya farashi. To, zanen na wa ne? Atamfar Holan ma daga zanen tsibirin Jawa aka ɗauko ta, ban kuwa taɓa jin an kore ta daga lefe ba.

Ban yi musu da kowa ba ranar, manyana ne. Na naɗe farantin a zane na koma gida. Ɗiyata, wadda za a ɗaura wa aure bayan kaka, ta tarye ni a zaure ta ce: «Baba, tunda sun ƙi shi, a sa mini shi cikin jerena.»